Harajin Masu Sayar da Kaya ta Intanet a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Ba ni da shago, a Jumia da Instagram nake sayar da atamfa. Haraji ya hau kaina?

Ya hau. Ko a Kantin Kwari kake, ko a waya, hukuncin ɗaya ne. Dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 ta ce Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Daga nan zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari ne.

A kan duk kuɗin da ya shiga asusuna za a cire?

A'a, a kan riba ne, kuma a nan mutane suka fi cutar da kansu. A ce cinikinka na shekara miliyan 6 ne. Ka saro kayan a miliyan 3 da dubu 900, kamashon kasuwar intanet irin su Jumia da kuɗin aika kaya da data suka ci dubu 600. Ribarka miliyan ɗaya da rabi. Cire dubu 800, saura dubu 700, harajinka Naira 105,000.

Amma fa sai da hujja. Dillalin da ya ba ka bandir goma da baki kawai bai bar maka abin nunawa ba, don haka nemi rasiɗi, ko ka biya ta banki ka rubuta bayanin kayan. Sauke takardar lissafin da kasuwar ke fitarwa duk wata, domin kuɗin da take turo maka ta riga ta cire kamashonta. Kayan da aka dawo da su ma a rubuta, in ba haka ba za su zauna a matsayin ciniki. Babbar ɓarna ita ce haɗa asusun kasuwanci da na gida: kuɗin adashi da gudummawar biki su cakuɗe da ciniki, rarrabewa ta gagara.

Wa zan biya, kuma yaushe?

Mai sana'ar kansa hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune yake biya, kamar KIRS a Kano. Kamfani kuwa na hukumar tarayya ne, NRS, wadda a da ake kira FIRS. Mai sana'ar kansa yana miƙa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata kafin ƙarshen Maris, ko da ribar ba ta kai dubu 800 ba. Rashin miƙawa na da tara.

VAT fa?

Haraji ne da ake ƙarawa a kan farashin kaya, kashi 7.5 cikin ɗari, mai saye ke biya. An ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa nauyin karɓarsa, saboda haka kada ka ɗora wa kowa sai ka yi rajistar VAT.

Naira 50 da banki ke cirewa ba ta wadatar ba?

Wannan harajin tura kuɗi ne daga Naira 10,000 zuwa sama. Ba ya rage ko sisi daga harajin ribarka.