Filin roba ko filin ciyawa, wanne ya fi wa ƙwallo?

Duk wanda ya taɓa zamewa a filin roba da gajeren wando ya san inda na dosa tun kafin in fara. Gefen cinya ya saluɓe, ba jini sosai sai wani ruwa-ruwa da yake tsatsafowa, da daddare zanin gado ya manne a wurin, ka yi kwana huɗu kana tafiya a karkace. To amma shi ma wanda ya buga wasa a filin da sunansa ne kawai na ciyawa, tsakiya ta koma ƙasa fetal gaban raga ya zama rami, yana da nasa labarin. Shi ya sa musun nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ni dai ra'ayina ba zan ɓoye ba, manyan wasanni a kan ciyawa ya kamata a buga su, amma ba zan taɓa yarda a ce filin roba ba shi da amfani ba.

Wai ita ciyawar robar nan kafet ne kawai aka shimfiɗa?

A'a, abin ya wuce haka. Wanda ido yake gani shi ne zaren roba kore mai tsawon kamar milimita 40 zuwa 60, an ɗinke shi a jikin shimfiɗa. A tsakanin zaren ana zuba yashi domin ya danne shimfiɗar ya kuma tsayar da zaren, sannan a bi sama da ƙananan ɓarɓashin baƙar roba wanda yawanci tsoffin tayoyin mota ne aka niƙa. Su ne baƙaƙen abubuwan nan da kake zazzagewa daga but da safa idan ka koma gida, har cikin gashin kai zaka same su. A ƙasa kuma akwai tsakuwa da bututun da ke janye ruwan sama, wasu filayen har da wata katifa mai laushi da ke rage ƙarfin faɗuwa. Wannan samfurin shi ake kira 3G, kuma shi ne ya fi yawa yanzu.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga Amurka, kuma ba ma a ƙwallon ƙafa ba. A 1965 aka buɗe filin Astrodome a birnin Houston, rufaffen fili ne mai rufin da haske ke ratsawa. 'Yan wasan besbol suka ce hasken yana kashe musu ido ba sa ganin ƙwallo idan ta tashi sama, sai aka shafa wa rufin fenti, shi ke nan ciyawa ta rasa rana ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba, daga nan sunan AstroTurf ya fito wanda har gobe wasu da shi suke kiran kowane filin roba.

A Ingila kulob ɗin QPR ne ya fara sakawa a filinsa na Loftus Road a 1981, Luton da Oldham da Preston suka biyo baya. Amma fa na wancan lokacin ba irin na yanzu ba ne, gajeren zare ne a kan ƙasa mai tauri sai ka ce siminti, gola ya buga ƙwallo ta dira ta yi tsalle ta tsallake kan mutane, masu tsaron raga sai da dogon wando suke shiga. QPR ta cire nata a 1988, Preston ce ta ƙarshe a 1994. Baƙin jinin da filin roba ya yi a Ingila tun daga nan ne, kuma har yau bai wanke ba duk da cewa kayan sun canza sosai.

FIFA ta yarda a buga wasa a kai kuwa?

Ta yarda. Tun 2004 aka shigar da shi cikin dokokin wasa, da sharaɗin launinsa ya zama kore kuma ya ci gwajin inganci idan wasan ƙasa da ƙasa ne. Akwai shaida iri biyu da FIFA ke bayarwa, FIFA Quality ta filayen jama'a da FIFA Quality Pro ta ƙwararru. Ana auna yadda ƙwallo ke gangarawa, yadda take tsalle, da yadda ƙasan ke karɓar nauyin mutum. Sai dai yardar FIFA daban, yardar kowace lig daban. A Firimiya da sauran rukunai uku da ke ƙasanta an hana, har ta kai Sutton United da ta hau rukuni na huɗu a 2021 sai da ta tone filin robarta ta shuka ciyawa, alhali filin nan yana kawo mata kuɗin haya kuma yaran ƙungiyar a kai suke tirenin. Holan ta hana a babbar lig ɗinta daga kakar 2025/26, kulob-kulob na babbar lig ɗin Scotland su ma sun kaɗa ƙuri'a a 2024 cewa a daina daga 2026/27.

To me ya sa manyan 'yan wasa suka tsane shi haka?

Abu na farko ƙwallo ce. A busasshen filin roba ƙwallo tana maƙalewa, ka ba da fasin ta riƙa ja da baya kamar ana riƙe ta, idan kuma aka jiƙa shi sai ta koma gudu kamar an harba. Tsallenta ma daban ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana karanta ƙwallo a kan ciyawa, ƙafarsa ta riga ta haddace inda za ta sauka, ka kawo shi nan duk lissafinsa sai ya goce da ɗan taƙi, kuma a matakinsu ɗan taƙin nan shi ne komai.

Na biyu jiki. Ka tambayi duk wanda ya haura shekara talatin yana buga wasa, zai ce maka washegarin wasa a roba gwiwa da ƙugu da bayan dunduniya duk sai sun yi tsami fiye da yadda ya saba. Sannan masu tsaron baya suna jin tsoron kwanciya su yi takil saboda saluɓewar fata, kaga kenan salon wasan ma ya canza.

Da gaske ya fi jawo rauni?

Nan ne ya kamata a yi magana da adalci. Binciken da aka yi a ƙwallon ƙafa bai tsaya a kan magana ɗaya ba, da yawa sun nuna cewa idan aka ƙirga raunuka gaba ɗaya babu wani babban bambanci tsakanin sabon filin roba mai kyau da ciyawa, wasu kuma sun nuna targaɗen idon sawu ya fi yawa a roba. Don haka wanda ya ce maka filin roba karya mutane kawai yake yi ya zarce gona da iri.

Amma akwai wani abu da kowa zai iya ganewa da idonsa. Idan ka kafa ƙafa a ciyawa ka juya da ƙarfi, ƙasa ce take sakin jiki, haƙoran but su yago ciyawa da ƙasarta, ka ga ɗan guntu ya tashi sama. Wannan guntun da ya tashi shi ne ya fanshi gwiwarka. Roba ba ta yagewa. Haƙoran sun shiga sun kama, jiki ya juya, ƙafa tana nan inda take, to ƙarfin nan dole ya sauka wani wuri, ko idon sawu ko jijiyar gwiwa. Na taɓa tsayawa kusa da wani yaro ɗan gefe da hakan ta faru da shi, babu wanda ya taɓa shi, ya zo zai yanke ciki kawai sai ya zube yana dukan ƙasa da hannu, but ɗinsa mai dogayen haƙora irin na ciyawa. Tun daga ranar ba na iya yin shiru idan na ga yaro zai shiga filin roba da irin wannan takalmin. Akwai but na musamman da ake rubuta AG a jikinsa, haƙoransa gajeru ne zagayayyu kuma suna da yawa, shi ya kamata a saka, ko kuma mai ƙananan ƙurajen roba a ƙasa.

Maganar zafi fa?

Wannan kam babu musu. Ciyawa abu ne mai rai, tana fitar da ruwa tana sanyaya kanta. Roba kuwa shan rana take yi ta riƙe, musamman baƙin ɓarɓashin nan, da tsakar rana saman filin yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Celsius. Zaka ji tafin ƙafarka yana ƙuna ta cikin takalmi, ga warin taya yana tashi. Ko an watsa ruwa ba ya jimawa zafin ya dawo. Don Allah masu shirya wasan yara a daina saka su da azahar a irin wannan fili.

In haka ne me ya sa ake ta gina su?

Saboda ciyawa ba ta jure wahala. Filin ciyawa mai kyau awanni kaɗan yake iya ɗauka a sati, in ka matsa masa sai ya mutu, ga ban ruwa ga aski ga taki ga hutu bayan kaka. Filin roba kuwa daga safe har dare ana kai, makaranta da safe, akademi da yamma, manya da daddare a ƙarƙashin fitila, ruwan sama ya sauka ya tsiyaye a ci gaba. Fili ɗaya zai ɗauki yara ɗaruruwa a sati. Ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yaron da yake koyon tarbar ƙwallo ya fi buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri da ƙwallo za ta zo masa daidai, ba filin da za ta daki tudu ta haye masa ƙwauri ba.

Sannan akwai wuraren da yanayi ne ya tilasta. Kulob ɗin Bodø/Glimt tana can ƙuryar arewacin Norway inda sanyi da duhun hunturu ba sa barin ciyawa ta yi rai yadda ake so, ta yaya za a ce musu lallai sai ciyawa?

Ba ya ba masu gida fifiko?

Yana bayarwa, wanda ya saba ya saba. A filin roba na Luzhniki da ke Mosko Rasha ta ci Ingila 2-1 a 2007, kulob ɗin Young Boys ta Switzerland ta ci Manchester United 2-1 a filinta na roba a Bern a 2021, a shekarar kuma Bodø/Glimt ta zuba wa Roma ta Mourinho 6-1. Amma ka ɗora wa fili laifin ƙwallo shida ai ka zalunci waɗanda suka ci.

Filayen manyan kulob da muke gani a talabijin sumul kamar kafet, ciyawa ce zalla?

Yawancinsu gauraye ne. Ana ɗaukar inji ya riƙa cusa zaren roba cikin ƙasa zurfin kusan santimita 20, zare wajen miliyan 20 a fili ɗaya, sannan a shuka ciyawa ta Allah da Annabi a kai. Saiwar ciyawar sai ta nannaɗe zaren ta riƙe gam, shi ya sa ba ka cika ganin fili ya kwaɓe ya zama taɓo irin na da ba. Robar ba ta wuce kashi kaɗan cikin ɗari, abin da ɗan wasa yake takawa ciyawa ce. Wembley haka yake tun 2010, a gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu ma filayen Nelspruit da Polokwane irinsa ne, haka wasan ƙarshe na 2018 a Luzhniki. Da za a ce in zaɓa wa ƙwararru to wannan zan zaɓa, matsalarsa dai tsada da buƙatar ma'aikatan da suka san aikin.

An taɓa buga kofin duniya a roba zalla?

Na mata, a Kanada a 2015. Abby Wambach ta Amurka da wasu manyan 'yan wasa sun kai ƙara a Ontario suna cewa wariya ce, tunda ba a taɓa yi wa maza haka ba, daga baya suka janye ƙarar aka buga gasar a haka. Ni ina ganin gaskiya suka faɗa. Hujja kuwa ita ce don gasar maza ta 2026 FIFA cewa ta yi filayen Amurka irin su MetLife da na Atlanta da Seattle, waɗanda roba ce a cikinsu, dole a shimfiɗa musu ciyawa. Ita ma shimfiɗar wucin gadin in aka yi ta cikin gaggawa ba ta da daɗi, a Copa America ta 2024 kocin Ajantina Scaloni ya koka sosai da filin Atlanta bayan wasansu da Kanada.

Ɓarɓashin tayar nan ba ya cutarwa?

Babbar damuwar da ta sa aka ɗauki mataki ita ce muhalli. Ɓarɓashin yana bin takalma da ruwan sama ya shiga magudanai ya ƙare a koguna. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da shi daga 2031, shi ya sa kamfanoni suka koma gwada ɓawon itace da ƙwallon zaitun da aka niƙa. Kai kuma naka shi ne ka wanke ciwo da ruwa mai tsabta da sabulu da zarar ka fito, kar ka bar baƙin abin nan a cikin fatar da ta saluɓe.

Amma ai filin roba ba ya buƙatar kulawa ko?

Wannan maganar ita ta kashe filaye da yawa. Ana buɗe fili a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, shi ke nan kowa ya watse. Alhali yana son a riƙa bin sa da buroshi a kai a kai don zaren ya miƙe, a ƙara ɓarɓashi a wuraren da ya ƙare musamman wurin bugun fenariti da gaban raga, a kwashe shara, a liƙe duk inda haɗin shimfiɗar ya fara buɗewa. Kuma yana da wa'adi, kamar shekara takwas zuwa goma sai an ɗaye an sa sabo, kuɗin da ya kamata a fara tarawa tun ranar buɗewa.

Idan zaka shiga filin da ba ka sani ba, durƙusa ka sa yatsa cikin zaren. In ka ji ɓarɓashi mai laushi kuma zaren yana tsaye, bismilla. In kuwa zaren ya kwanta yana ƙyalli a rana, yatsanka ya taɓa tauri nan take, ko ka ga bakin shimfiɗa ya ɗaga a kan farin layi, ka nuna wa mai kula da wurin kafin a fara, kuma kar ka bari yaranka su yi takil a ranar.