Waiwaye: Wa ke biyan kuɗin mutum-mutumi a makarantun biranen Amurka?

Makarantun talakawan birni na fama da rashin kuɗin kayan koyar da haɗa mutum-mutumi (wato robot), amma tushen matsalar ya girmi kwamfuta. A Amurka, kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje da filaye na gunduma yake fitowa, don haka unguwar da gidajenta ke da daraja makarantarta na da ɗakin gwaji, ta talakawan tsakiyar birni kuwa sai allo da alli. A 1973 maganar ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar San Antonio da Rodriguez, alƙalai 5 cikin 9 suka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulki ba.

Gwamnatin tarayya kan shigo ne in ta tsorata. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, shekara na zagayowa aka yi dokar da ta ba jihohi kuɗin sayen kayan gwajin kimiyya, da sharaɗin su ma su kawo rabi. A 1965 aka ƙara tallafin Title I na makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa. Sai shirin E-Rate da dokar sadarwa ta 1996 ta haifar, wanda ke rage wa makarantu kashi 20 zuwa 90 cikin 100 na kuɗin intanet. Ya yi aiki ƙwarai wajen kai wayar intanet aji, amma ba a tsara shi don sayen abin da yaro zai riƙe a hannu ba.

Mutum-mutumi ta wata ƙofa ya shigo. Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, gasarta ta farko ta ƙera mutum-mutumi tsakanin ɗalibai a 1992 ta haɗa rukuni 28 a New Hampshire. A 1998 kamfanin LEGO ya fito da Mindstorms, akwatin kayan haɗa mutum-mutumi na yara, bisa aikin Seymour Papert na jami'ar MIT, wanda ya daɗe yana cewa yaro ya fi fahimtar lissafi in shi ne ke ba na'ura umarni. Sai dai gasa tana cin kuɗi: rajistar babban rukunin sakandare kaɗai ta kai wajen dala 6,000, ban da kayan ƙira da kuɗin mota. Makarantar da iyayen yaranta injiniyoyi ne ba ta rasa mai ɗaukar nauyi.

Nan ne malamai suka koma neman taimako. A 2000 Charles Best, malami a unguwar Bronx ta birnin New York, ya buɗe DonorsChoose: malami ya rubuta abin da ajinsa ke buƙata da farashinsa, jama'a su yi karo-karo, shafin ya saya ya aika makaranta. A 2018 kamfanin Ripple ya biya dala miliyan 29 ya cike duk buƙatun da ke kai a lokaci guda. Abin a yaba ne, amma kuma abin takaici ne a ce samun darasin kimiyya ya dogara da iya rubutun malami.

Abin da masu ba da kuɗi suka fi mantawa shi ne shekara ta biyu. Aji mai yara 30 yana buƙatar akwatin kaya 10, yara uku-uku. In sun kai biyar a kan akwati ɗaya, biyu ne ke aiki, saura kallo. A ƙara akwati ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, domin ƙananan sassa na ɓacewa tun zangon farko. SPIKE Prime, akwatin LEGO na makarantu, guda ya kai kusan dala 400, kuma kowane akwati sai da kwamfutarsa. Wayar haɗa sassa ce ke fara lalacewa, saboda yara na fizge ta daga tsakiya maimakon su kama kan. Batir ɗin da aka bari babu caji duk dogon hutu yakan mutu murus. Na'urar gane launi kan rikice in hasken aji ya sauya, sai an sake saita ta. Wani lokaci ma kaya na nan lafiya, amma ofishin gunduma ya toshe Bluetooth ko bai amince da manhajar ba. Sannan in malami ɗaya tilo aka horar, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kayan sun shiga kabad ke nan.

Los Angeles ta ɗanɗana illar sayen kaya ba shiri a 2013, lokacin da ta ƙaddamar da shirin dala biliyan 1.3 na raba iPad tun manhajar karatun ba ta kammala ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar.

Annobar korona ta kawo kuɗi mafi yawa da aka taɓa gani, kusan dala biliyan 190 na ESSER, tallafin gaggawa na gwamnatin tarayya ga makarantu, aka sayi miliyoyin kwamfutocin Chromebook. Wa'adin ware kuɗin ya ƙare ran 30 ga Satumba 2024, daidai lokacin da kwamfutocin 2020 suka fara tsufa. LEGO kuma ya daina yin Mindstorms a ƙarshen 2022, saboda haka makarantun da suka tara tsofaffin akwatuna yanzu suna ciro sassa daga wannan su gyara wancan.