Neman taimakon likita kan taɓin hankali a Arewacin Najeriya

Halin neman taimakon likita shi ne yadda mutum ko danginsa ke kallon zuwa wurin ƙwararren ma'aikacin lafiya idan damuwa ko taɓin hankali ya same shi. Masu bincike kan auna shi da ma'aunin da Fischer da Turner suka fitar a Amurka a 1970, mai tambayoyi 29. An taƙaita shi zuwa 10 a 1995.

Tarihi

Gudun asibitin ƙwaƙwalwa yana da tushe. Gidajen da Turawan mulkin mallaka suka buɗe a Kalaba, wajajen 1904, da Yaba ta Legas a 1907, wuraren tsarewa ne fiye da na jinya. Dokar 1916 da wadda ta gaje ta a 1958 sun ba da damar a kulle mutum ba da yardarsa ba, kuma an ci gaba da aiki da ta 1958 fiye da shekara 60. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta amince da haƙƙin majiyyaci.

A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta. Majiyyaci yakan sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana, kuma Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Tsarin ya nuna cewa iyali sun fi sakin jiki da likita idan ba a raba su da nasu ba.

Fahimtar jama'a

Wani bincike da aka buga a 2004 kan manya 250 a ƙauyen Karfi na jihar Kano ya gano cewa shaye-shaye ne sanadin taɓin hankali da aka fi ambata, sai ƙaddara, sai sammu da aljanu. Kusan rabinsu sun zaɓi asibiti, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma maganin addini.

A aikace iyali ne ke yanke shawara. Akan fara da ruƙiyya ko rubutu, wasu su je wurin 'yan bori, asibiti ya zo a ƙarshe, lokacin da mara lafiya ya daina barci ko ya fara duka. Sunan "mahaukaci" yana iya hana 'yan gidan aure, shi ya sa ake ɓoyewa. Ciwon damuwa kuwa sau da yawa ba a ɗauke shi cuta ba: mai shi yakan je asibiti da ƙorafin zafin kai ko faɗuwar gaba, a ba shi maganin zazzaɓi ya koma. Malamai sun bambanta kan iyakar shafar aljani da cuta, amma da yawansu suna halatta haɗa addu'a da magani.

Wasu iyalai kuma gidan mari suke kai nasu. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasunsu cikin sarƙa.

Inda magani ke lalacewa

Magungunan damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, don haka wanda ba a yi wa bayani ba yakan watsar da su a makon farko. Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine na iya sa sandarewar jiki, rawar hannu da dalalar miyau. Dangi na ganin haka sai su ce maganin bature ya ƙara haukata shi, alhali rage adadin ko ƙara wani magani mai suna trihexyphenidyl yakan gyara lamarin. Dakatar da magani da zarar an samu lafiya shi ne babban abin da ke dawo da ciwon.

Asibitoci

Akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano. Likitocin fannin a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.