Yaye da wuri, yawan ci da fargaba: abin da aka gani a matan ɓeraye

Tambayoyi iri ɗaya ne suke dawo mini duk lokacin da aka tayar da maganar binciken yaye a kan ɓeraye, daga ɗalibai a aji da kuma iyaye mata a unguwarmu a nan Kano. Na tattara su wuri ɗaya domin wanda ya sake tambaya in ce ya je ya karanta.

Malam, ashe ɓera ma yana shayarwa?

Ƙwarai kuwa. Macen ɓera tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 22, ta haifi 'ya'ya ba gashi, idanu a rufe, ta shayar da su. Wanda ya gama sakandare bai kamata ya yi wannan tambayar ba.

Yaushe ake cewa an yaye su da wuri?

A ɗakin bincike ana raba 'ya'yan da uwarsu a kwana na 21, kodayake idan aka ƙyale su sukan ci gaba da tsotso jefi-jefi har kusan wata guda. Da wuri shi ne a raba su a kwana na 15 ko 16, lokacin da idanunsu ba su daɗe da buɗewa ba, kuma sun fara gwaguyar abinci mai tauri amma bai ishe su ba.

Ta yaya za a san ɓera yana cikin fargaba, tunda ba ya magana?

Ana ɗora shi a kan wasu siraran hanyoyi biyu da aka gicciya, aka ɗaga su kamar santimita 50 daga ƙasa, hannu biyu suna da bango, biyu kuma a buɗe suke. Ana ba shi minti biyar. Mai ɗar-ɗar zai maƙale a lungu mai bango, ya miƙo wuya ya shinshina fili, ya ja da baya, mai ƙarfin hali kuwa zai taka har bakin gaɓa ya leƙa ƙasa. Akan kuma auna sinadarin da jikinsa yake saki idan ya shiga matsi, wato kotikosteron. Ku lura dai, hali ake aunawa, babu wanda ya leƙa zuciyar ɓera.

Me ya sa ake ware matan ɓeraye a bincike su daban?

Saboda an daɗe ana barin su a baya. Macen ɓera tana juyin sinadaran haihuwa duk kwana huɗu zuwa biyar, sai masu bincike suka riƙa cewa hakan yana dagula musu lissafi, suka raja'a a kan maza. Sai a 2016 hukumar da take ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta wajabta a riƙa la'akari da jinsi. Kuma bambancin yana nan: a aikin Takefumi Kikusui na Japan a kan ƙaramin nau'in ɓera, fargabar yaye da wuri ta fi daɗewa a jikin maza, matan kuwa da suka girma suka haihu sai aka ga ba sa lasar 'ya'yansu kamar yadda sauran uwaye suke yi. Wannan ne ya fi ɗaukar hankalina, domin Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna a 2004 cewa yawan lasar uwa yana sauya yadda ƙwaƙwalwar ɗa take kwantar da sinadarin matsi har ya girma.

To batun ci fa?

Masu bincike a birnin Riyo na Burazil sukan naɗe ƙirjin uwa da bandeji a kwana uku na ƙarshen shayarwa, ko su ba ta maganin da yake ƙafar da nono, ba tare da sun raba ta da 'ya'yan ba. Da farko 'ya'yan ramewa suke yi, amma a wajen wata shida sai a tarar sun tara kitsen ciki, sinadarin ƙoshi da ake kira leftin ya yi yawa a jininsu, ƙwaƙwalwar kuma ta daina jin kiransa. Yawancin wannan aikin a kan maza aka yi shi. A matan, masu bincike a arewa maso gabashin ƙasar sun ga tsarin cin nasu ya sauya, suka danganta shi da sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa.

Malam, na yi kwanika, 'yata tana wata goma, surukata ta ce a kai ta gidan kakarta a yaye ta. Za ta tashi matsoraciya mai yawan ci ke nan?

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki tukuna. Babu wanda zai ɗauki kwana 15 na ɓera ya ce daidai yake da wata kaza na ɗan Adam, kuma ko a ɓerayen ma abin da ake gani bambanci ne tsakanin rukuni da rukuni, ba hukunci a kan kowane ɗa ba. A cikin waɗanda aka yaye da wuri akwai masu taka fili ba tsoro. Sakamakon yakan sauya da irin ɓeran, da ranar da aka yaye shi, da shekarunsa lokacin gwaji, don haka duk wanda ya ba ki amsa a yanke ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

Amma akwai abin da nake ganin ya cancanci a duba. Idan aka raba ɗan ɓera da uwarsa, abu uku yake rasawa lokaci guda, nono da ɗumin jiki da lasa, shi ya sa mutanen Riyo suka nemi dabarar hana nono uwa tana nan. Yayenmu na gargajiya, inda ake shafa abu mai ɗaci a kan nono, washegari a tafi da yaro wata unguwa, yakan haɗa masa rashin nono da rashin uwa a rana ɗaya. Ban ce wannan zai lalata yarinya ba, domin kaka tana goyo, tana rarrashi, kuma ɓera ba shi da kaka. Ra'ayina dai shi ne idan yaye ya zama dole a yi shi sannu a hankali, a rage na rana kafin na dare, kina kusa da ita.

Kafin nan ma, shin ya zama dolen? Samun ciki shi kaɗai ba ya ɓata nono, kuma mace mai lafiyayyen ciki takan iya ci gaba da shayarwa idan tana samun abinci isasshe, sai dai idan akwai zubar jini, ko tarihin ɓari ko haihuwar bakwaini, wanda wannan ma'aikatan awo ne za su duba ki su yanke, ba ni ba, ba kuma surukarki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci har shekara biyu ko fiye, aya ta 233 a Suratul Baƙara ma shekara biyu ta ambata. Kuma ina roƙonki ki daina damuwa da ƙibar da za ta zo bayan shekara ashirin. Abin da yake kai yaran da aka yaye ba shiri asibitin yara na Hasiya Bayero shi ne gudawa da tamowa, saboda an bar su da koko tsararo. Ki sa mata gyaɗa ko waken suya a kunu, ki ba ta ƙwai da wake da ɗan kifi, ki kula da tsaftar ruwa.

Ɓerayen gidana ba sa ƙoshi, ko an yaye su da wuri ne?

A'a, Hajiya. Ki rufe buhun shinkafarki.