Sankarar jini a Amurka: giɓin da wani asibiti ya taɓa rufewa

Ana ta muhawara a Amurka kan abin da ya sa yaran baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ba sa warkewa daga nau'in sankarar jini da ya fi kama yara kamar fararen fata. Wani bincike na 2023 da ya bibiyi yara da matasa kusan 25,000 ya gano cewa bayan shekara 5, kimanin kashi 87 cikin ɗari na fararen fata suna raye cutar ba ta dawo ba, baƙaƙen fata kuwa kashi 82. Amma ba yau aka fara ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1948 Dokta Sidney Farber na Boston ya nuna cewa magani na iya kwantar da cutar. A 1962, lokacin da aka buɗe asibitin St. Jude a Memphis, ko yaro 1 cikin 10 ba ya tsira. Yau kusan 9 cikin 10 na tsira.

Abin da ake yawan mantawa shi ne Oktoban 2003, lokacin da mujallar likitoci ta JAMA ta buga rahotanni biyu a fitowa ɗaya. Na farko, daga rajistar masu sankara ta ƙasa, ya nuna baƙaƙen fata a baya. Na biyu, daga St. Jude, ya ce a can babu bambanci, alhali yaran baƙaƙen fata sun fi zuwa da nau'in cutar mai wuyar magani. A asibitin nan ba a karɓar ko sisi daga iyaye, na magani ne, na mota, na masauki ko na abinci.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jinyar na ɗaukar shekara 2 zuwa 3, mafi yawanta a gida, yaro na haɗiyar ƙwayar mercaptopurine kullum. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tsallake fiye da kashi 5 cikin ɗari na maganin yana ƙara haɗarin dawowar cutar. A duba uwar da ke aiki biyu, ba ta da mota, ranar asibiti kuma ba a biyanta albashi.

Ƙwayoyin gado suna da nasu tasiri, musamman ga 'yan Latin Amurka da cutar ta fi kamawa. Sai dai yaran da aka yi wa jinya a Memphis jininsu ɗaya da na sauran baƙaƙen fatan ƙasar, kuma shekara 20 bayan sakamakonsu alƙaluman ƙasa ba su daina nuna giɓin ba.