Dokar sa kakin soja: Baba, fito da lambobinka

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a wayoyin mutanen Nima da Mamobi a Accra, babban birnin Gana, wai sojoji za su shigo Zango su tuɓe duk wanda suka gani da wando mai zanen kaki, har tsofaffin sojoji ba za a bari ba. Shekaranjiya na tarar da maƙwabcinmu, dattijon da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan, yana naɗe hularsa da lambobin yabonsa cikin tsumma zai cusa ƙarƙashin gado. Abin ya tsaya min a rai.

Dokar dai akwai ta, kuma ba sabuwa ba ce. Ita ce NLCD 177 ta 1967, wadda gwamnatin soja ta Janar Ankrah ta kafa, shekara guda bayan kifar da Nkrumah, har yau kuma tana aiki. Ta hana farar hula sa kakin soja ko amfani da kayan aikinsu, ta hana saye da sayarwa ba da izini ba. Tsohon soja kuwa an bar masa ƙofa: yana iya sa nasa a ranakun biki da na tunawa da rundunar ta amince da su. Ranar 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a fagen yaƙi, ai da lambobinsu a ƙirji muke ganinsu kowace shekara.

Inda samari ke tuntuɓe shi ne gwanjo. Sai ka ji yaro ya ce, "Ai a kasuwar Kantamanto na saya, na sojan Amurka ne." Wannan ba zai fid da kai ba, ƙanena, dokar ta haɗa da na hannu da na wata ƙasa. Direban da aka tare da tsakar dare a hanyar Kumasi ba ya tsayawa duba zanen riga, kaki kawai yake gani ya taka birki, kuma 'yan fashi sun san haka.

To amma ga wurin da mai saƙon nan ya yi ɓarna. Hukuncin na kotu ne: tara, ko ɗauri, ko duka biyun. Babu inda dokar ta ce a tuɓe mutum a bakin titi, ko a sa shi tsallen kwaɗo, ko birgima a kwata. Sashe na 15 na tsarin mulkin 1992 ya hana azabtarwa da wulaƙanta duk wanda aka kama, sashe na 14 kuma ya ce in ba a sake shi ba a kai shi gaban alƙali cikin awa 48. In an tare ka kada ka ɗaga murya, bi su ofishin 'yan sanda. In an dake ka, nemi takardar asibiti ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ.

Ni ina bayan dokar, don kakin nan da jini aka saye shi, har da na kakanninmu. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Hausawa na cikin rundunar Glover, jami'in Birtaniya, da Hausa aka daɗe ana magana a bariki, kuma daga dajin Bama, inda 'yan ƙasar nan suka yaƙi Japan, barikin Burma da ke Accra ya samo suna. Waɗanda suka dawo ne suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a Osu neman haƙƙinsu ranar 28 ga Fabrairun 1948, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. A Ruwanda a 1994, lokacin kisan kare dangi, da wasu ƙasashe suka kwashe sojojinsu, sojojin Gana sun tsaya.

Abin da ban gamsu da shi ba, dilolin gwanjon nan ta tashar jirgin ruwa suke shigowa, a buɗe su a kasuwa da rana tsaka, sannan ɗan shekara 17 da ya sayi wando ɗaya ya sha kamu. Daga mai shigo da kaya ya kamata a fara.

Baba dai ya warware tsummansa. Jiya da la'asar na gan shi a ƙofar gida yana goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, jikokinsa zagaye da shi suna tambayar ina ne Labanan.