Aikin gwaji kyauta kafin a ɗauke ka aiki: tun yaushe aka fara?

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a LinkedIn ko X sai ka tarar ana ta cacar baki a kan aikin gwajin da kamfanoni ke ba masu neman aiki. Wani ya ce an ba shi aikin da ya cinye masa Asabar da Lahadi cur, ya tura, daga nan shiru kamar an shuka dusa, ko "mun gani" babu. Masu ɗaukan aiki su kuma su ce to ya za mu yi, CV ai kowa ya iya tsara ta, sai mun ga aikin hannunka tukuna. Da yawa suna magana kamar bara aka fara abin, alhali ya daɗe yana tahowa.

Gwada mutum kafin a ba shi aiki dai tsohon abu ne. China ta shafe sama da shekara 1,000 tana ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa kafin ta soke tsarin a 1905, rundunar sojan Amurka ta fara yi wa sababbin sojoji gwajin basira a 1917, sai kuma 1971 da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Griggs cewa gwajin da ke tankaɗe wani rukunin mutane dole a nuna yana da alaƙa da aikin da za a yi. Waɗannan duk an sha faɗarsu.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne inda ake yin gwajin. A da mai neman aikin buga takardu zama zai yi gaban tafireta a ofishin kamfanin, 'yan mintoci an gama. Direba ya ja mota da wani a gefensa, mai walda ya haɗa ƙarfe biyu ana kallonsa. Ɗakin nasu ne, kayan aiki nasu ne, sannan akwai ma'aikacin da ake biya albashi yana zaune yana jira ka gama. Shi ya sa gwajin yake gajere, ba wai don tausayi ba fa, don duk awar da ka ɓata su ma sun ɓata ta.

A ƙarshen shekarun 1990 wannan ya warware. A 1998 wasu masana biyu, Frank Schmidt da John Hunter, suka tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka nuna cewa sa mutum ya taɓa irin aikin da zai yi yana cikin hanyoyin da suka fi nuna wanda zai iya. Magana ce mai kyau, kuma ta bazu sosai. To amma irin gwajin da binciken ya duba galibi na gaban ido ne, mai tsari ɗaya ga kowa, da ma'aunin ba da maki. Kuma daidai lokacin ne imel ya shiga ofisoshi, shafukan neman aiki suka biyo baya, LinkedIn a 2003, Indeed a 2004, tura takardar neman aiki ta zama danna maɓalli kawai, gurbi ɗaya sai ɗaruruwan mutane su nema. Sai gwaji ya fita daga ofis ya bi mutum gida.

Nan ne lissafin ya juye, kuma a ganina nan ne tushen rigimar yau. Tura aikin ga mutum 5 da tura shi ga mutum 200 wahalarsu ɗaya ce ga mai turawa, ba ɗaki, ba mai gadin jarrabawa, ba agogo. Za a rubuta maka "ba zai wuce awa biyu ba" amma ka san akwai wanda zai kwana a kai, kuma da shi za a auna ka, don haka kai ma ka kwana. A ƙarshe ba iyawa kaɗai ake aunawa ba, har da wa ke da sararin lokaci, sai mai wani aikin a hannu, da uwa mai raino, da wanda ba shi da kwamfuta mai kyau su faɗi tun kafin a duba abin da suka sani. Sannu a hankali tambayar ma ta canza, daga darasin da aka ƙirƙira don gwaji zuwa ainihin matsalar kamfani, tsara mana tallan wata uku, zana mana tambari, gyara mana wannan shafin. Idan aka yi amfani da shi ba a ɗauke ka ba, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi ke nan.

A yi adalci dai, su ma masu neman aikin akwai hannunsu. Wajen 2017 masu rubuta manhaja sun yi ta ƙorafi kan tsayar da su gaban allo a wurin intabiyu su warware matsala ana zare musu ido, da yawa suka ce gara a ba su aiki su tafi gida. Ba su yi zaton zai kumbura haka ba.

Sauran labarin kowa ya gani, durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta sa mutane karɓar kowane sharaɗi, korona a 2020 ta mayar da komai ta intanet. A 2022 wani masani, Paul Sackett, da abokan aikinsa suka sake lissafin nan na 1998, darajar aikin gwaji ta sauko, intabiyu mai tsararrun tambayoyi ta hau sama, amma wannan bai yi tashe kamar na farko ba.

Doka kuwa har yanzu tana kallon ƙofar ofis ne. A Birtaniya an kai ƙudurin hana gwajin aiki kyauta majalisa, ya mutu a Maris 2018. A Ostireliya ƙa'idar ita ce gwaji kyauta kar ya wuce lokacin da ake bukata don nuna iyawa, kuma a yi shi ƙarƙashin kulawar wani. A Jamus ma idan kamfani ya gayyace ka intabiyu shi zai biya kuɗin tafiya, sai dai in ya faɗa tun farko cewa ba zai biya ba. Duk sun fi dacewa da wanda ya je da ƙafarsa, ba wanda ke ɗakinsa da tsakar dare yana haɗa rahoto ba.

Abin dariya, tun da ChatGPT, manhajar nan da ke iya rubuta wa mutum aiki, ya fito a Nuwamba 2022 masu ɗaukan aiki da yawa suka daina yarda da abin da aka yi a gida, wasu sun koma kiran mutane ofis ko su zauna da su ta bidiyo ana yi suna kallo. Kuma da zarar sai wani nasu ya zauna ya jira, sai ka ga aikin kwana biyun nan ya koma awa ɗaya.